Masakin da Na Zaunar da Ɗiyata

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunnuwanku. Ga ta nan zan kawo muku, amma ba irin wadda kuka saba ji a bakina ba ce. Wannan babu dabba mai magana a cikinta, babu dodo. Ni ce a ciki, kuma ban fito da kyau ba. Na daɗe ina kewaye ta. Yanzu haƙora sun zube, ido ya yi rauni, in ban faɗa ba ƙasa za ta rufe ta tare da ni.

A Maiyama aka haife ni. Uwata Bafulatana ce, ubana Bahaushe manomi. Abin da uwata ta fi dasa mini tun ina ƙarama shi ne kunyar ɗan fari. Ku na yanzu a baki kawai kuka san ta. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa dariya, balle wasa. In ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai, wani ya ɗaga shi. Ni kaina 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Amma ban rasa komai ba, domin gidanmu cike yake da hannuwa. Kakata tana nan, gwaggonnina suna nan, yara kuwa kamar kaji. Wannan ta cilla ni sama ta cafe, wancan ya ja ni a ƙasa, kakata ta yi ta tsokanata har in yi kuka in koma dariya. Abin da uwa ta hana, kaka ce take cikewa. Wannan ne ban gane ba. Na ɗauki rabin al'adar na tafi da shi gidan miji, na bar rabin a Maiyama.

Aka kai ni Jiga Makera, kusa da Aliero, gidan manoman albasa. Lokacin Nasara ba su daɗe da karɓe ƙasar ba. Uwar mijina ta rasu tun kafin in zo. Gidan na mutum biyu ne, mijina da wansa, kuma wan shi ne babba, shi ke yanke magana. 'Ya'yansa duk sun girma. Babu ƙaramin yaro a gidan, babu kaka.

Na haifi ɗiya mace. Ba ta cika shekara ba aka zo neman masu yi wa Nasara dako, aka ce kowane gari ya ba da mutane, aka haɗa da mijina. Yakan yi wata da watanni bai dawo ba. In ya dawo, ƙafa a kumbure, kafin ta saɓe an sake kiransa. A shekarun nan kuma magana ta bazu cewa Nasara suna ƙirga yara, wanda suka gani a waje za su ɗauke shi su kai makarantarsu, ya dawo bai san salla ba. Ni dai ban taɓa ganin an ɗauki ɗan kowa a garinmu ba. Amma tsoron ya ishe ni dalilin da zan riƙe ta a ɗaki.

Ina da wani masaki, ƙatuwar ƙwaryar nan, cikin kayan aurena, ya tsage a baki aka ɗinke shi. Na shimfiɗa tsumma a ciki, na zaunar da ita, na kafa shi a lungu bayan gado. In ta yi kuka in ba ta nono, idona a bango. In ta ƙoshi in mayar da ita. Sannan in juya mata baya in kama kaɗi, mazari yana juyawa tun hantsi har la'asar. Da fari takan miƙo hannu, tana gwarancinta na jarirai, tana neman idona. Ba na amsawa. Kwanci tashi ta rage. Kwanci tashi ta daina.

Kuma a yi ta yabona! Matan unguwa in sun shigo sai su ce, "Kai, wagga 'yar Hillani akwai kunya. Ɗiyarta kuwa ko tarinta ba ka ji." Ni kuwa kaina ya yi ta girma.

Da lokacin yaye ya yi, al'ada ita ce a kai yaro wurin kakarsa. Sai aka aiko cewa uwata ta bi danginta da shanu sun yi kudu, ba a san ranar dawowarsu ba. Na shafa maɗaci a nono, na yaye ta da kaina, na mayar da ita masakin.

Damina uku ta wuce ta. Ba ta tafiya, ba ta rarrafe, ba ta magana. Ƙafafunta sun lanƙwashe sun ɗauki siffar masakin. Sai idanu manya, tana bin ƙuda da su. To, masu yabon nan su ne suka fara raɗa. Aka ce ba mutum ba ce. Aka ce ina da ciki na je wanki bakin rafi da tsakar rana, 'yan ruwa suka musanya abin da ke cikina da nasu.

Wan mijina ya je Jega wurin wani mai magani. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama, na durƙusa a bayan asabari.

Ya ce, "Na tahi Jega, an duba. An ce a kai ta bakin gulbi, a aje ta da ƙwai da fura, kowa ya ɓuya. In tasu ce, za ta koma gare su. In tamu ce, mu dawo da abinmu. Yanzu muna dashe. In anka cire albasa za mu kai kaya kasuwar Jega, sai a tahi da ita. Ƙanena ba ya nan, ke ce uwa. Kina da magana?"

Ya tambaye ni. Ku riƙe wannan, kada wani ya ce muku danne ni aka yi. Mutumin nan ya tsaya yana jira, har ya sake tambaya. Amma yaya uwa za ta buɗe baki a gaban surukinta ta roƙa wa ɗan fari? Me za a ce a Maiyama? Na ce, "Yaya, ɗiyarku ce. Ba ni da ta cewa."

Ya ce, "To." Na ji takalminsa ya tafi.

Akwai wata tsohuwa a bakin fadama. Baiwar uban mijina ce a da, tun tana yarinya aka kamo ta daga wata ƙasa ta kudu. Ita ta goyi wan mijina, ita ta goyi mijina. Da Nasara suka ce bauta ta ƙare, da yawa suka kama hanya, ita kuwa ta ce ba ta tuna hanyar garinsu ba, ina za ta? Ta yi bukka kusa da lambunan albasa, tana karɓar lawashi, ganyen albasar nan, tana kirɓawa, tana dunƙula gabu tana shanyawa don miya. Ba a lissafa ta cikin tsofaffin gida, ba ta kuma shigowa sai da dalili. Ni ko gaisuwar kirki ban cika yi mata ba.

Kwana biyu da maganar wan mijina, sai ga ta da sandarta.

"'Yar Hillani, ina abin da anka ce za a ba gulbi? In gani."

Na nuna lungu da haɓa. Ta ɗago yarinyar, ta juya ta, ta matsa cinyoyinta. Ta tafa hannu a bayan kunnenta, yarinya ta zabura.

Ta ce, "Tana ji. Dubi tafin ƙafa, sumul kamar na jinjirin jiya. Wagga ƙafa ta taɓa taka ƙasa?"

Na kau da kai.

"Wa ke mata magana?"

Na ci gaba da murza mazari.

"Wa ke mata wasa?"

Na ce, "Iya, 'yar fari ce."

"Na ji 'yar fari ce. Cewa na yi wa ke mata wasa?" Ta dubi masakin, ta dube ni, ta girgiza kai. "To. Tunda kun ba gulbi, ku ara mini kafin mai ita ya karɓa. Ina son mai taya ni hira."

Na bar ta ta ɗauka. Ba don na yarda da ita ba. Don dai a zuciyata na riga na fara sakin yarinyar.

Ni ke kai wa masu ban ruwa fura da azahar, don haka ina gani daga nesa. Lambun albasa fangali-fangali ne, ƙananan gadaje masu baki. Ana ɗebo ruwa daga rijiya a zuba a magudana, a buɗe wa wannan fangali, a toshe wancan da laka. Yaran unguwa kullum suna can a gefe suna ɓarna. Ranar farko tsohuwa ta aje ɗiyata a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyarsu. Yarinya ta ƙwala ihu, tana ɗaga ƙafafu kamar an ɗora ta kan wuta. Tsohuwa ba ta ɗauke ta ba. Zama ta yi a gefenta cikin lakar, ta dangwalo ta shafa wa hancin kanta, ta yi ta murguɗa baki.

Bayan 'yan kwanaki na zo na tarar da abin da ya sa na kusa sakin ƙwarya. Tsohuwar nan mai furfura tana durƙushe hannu da gwiwa, ta kumbura kumatu, tana tsalle irin na kwaɗo, yara sun jeru a bayanta suna yi. Sai na ji wata dariya siririya wadda ban san ta ba. Na duba in ga ɗan wane ne. Ɗiyata ce. Shekara uku tana ɗakina, ban san muryar dariyarta ba.

Haka ta yi ta yi mata. Ta gangaro mata goruba ta tsaya inda hannu ba ya kai. Yarinya ta yi kuka, wani yaro ya tashi zai miƙa mata, tsohuwa ta ɗaga sanda. "Kai, bar ta! Kai wa ya miƙa maka? Taho, ɗiyata, taho ki ɗauka." Yarinya ta ja gindi, ta kifa, ta ci ƙasa, ta ja ciki, har ta kai. Da rarrafe ya zauna, sai ta kafa gwafa biyu ta gitta gora a kai, ta rataya 'yar ƙwarya mai tsakuwa a ciki. Mai son ya kaɗa ta ya ji ƙara, sai ya kama gorar ya miƙe.

Amma wasan da ya fi cin ransu shi ne na ruwa. Yaran sun yi nasu ɗan lambu a gefe, kowa da fangalinsa kamar faɗin faifai, sun dasa ciyawa sun ce albasa ce. Sun haƙa 'yar magudana daga inda ruwan rijiya ke zuba. Tsohuwa ce mai ruwa. Sai ta toshe magudanar da tafin ƙafarta ta ɗaga murya, "Wa ke da fangali? Ruwa ya zo!" Ba ta ɗaga ƙafar sai mai fangalin ya ce, "Kaka, buɗe!" Kowa ya faɗa ya samu. In aka zo kan ɗiyata, tsohuwa ta kafe ƙafa ta yi ta kallon sama. Yara su yi ta ihu, "Ki ce! Ki ce!" Yarinya ta yi ta dukan ƙafar da hannu. Kwana da kwanaki fangalinta a bushe. Ran nan, ina tsaye bayan rumbun albasa, na ji ta ce, "Bu!" Tsohuwa ta ɗaga ƙafa da sauri kamar kunama ta harbe ta, ruwa ya kwarara, yara suka ɗauki sowa. Daga "bu" aka samu "buɗe". Daga nan "ruwa", daga nan "nawa", don wani ya taka mata fangali.

Kuna tsammani na yi murna. Na yi, a can ciki inda ba mai gani. Amma abin da ya fito fili daban ne. Yarinya tana dawo mini gwiwa a ƙuje, kai da laka, hanci da majina. Mata suna cewa, "Ɗiyarki na can tana birgima da baiwa kamar ɗan kwikwiyo." Sai wata la'asar, muna tsakar gida da matan unguwa ana sussuka, ta rarrafo ta kama bakin zanena, ta ja hannuna da na dunƙule, ta ce, "Buɗe!" Matan suka tuntsire da dariya. Wata ta ce, "A'a, 'yar Hillani, ashe a ɗaki wasa kuke yi da 'yar fari!" Na fizge zanena. Ta faɗi.

Da safe tsohuwa ta zo ɗaukarta, na tare ƙofa.

"Iya, ya isa. Ba ta zuwa."

"Don mi?"

"Kin mai da ita abin kallo, kin mai da ni abin dariya. Mu a gidanmu ba a haka. Amma ina za ki san kunya, ke da ba ki san gidan ubanki ba?"

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta juya ta tafi.

Na mayar da yarinya masaki. Ina! Wanda ya san ƙasa ba ya komawa. Sai ta yi ta jijjiga shi har ya kife, ta rarrafa ƙofa tana kiran kaka. Na mayar, ta kifar. Na mayar, ta kifar. Sai na ɗauko igiyar rama, na ɗaura a idon ƙafarta, na ɗaure a ƙafar gado, na koma kan kaɗina. Kwana huɗu.

Rana ta biyar tsohuwa ta shigo da gabu a ƙwarya, wai ta kawo mana na miya. Ta ga igiyar. Ta aje ƙwaryar a hankali, ta zauna a ƙasa, ta janye zanenta daga ƙafa. Akwai tabo a idon ƙafarta, ya kewaye shi kamar munduwa, fari fat.

Ta ce, "Kin ce ban san gidan ubana ba. Gaskiya kika faɗa. Amma na san wannan. Tun daga garinmu har Jega da igiya anka jawo ni. Sai dai ni, baƙi sunka ɗaure ni."

Na durƙusa zan kwance, ƙullin ya ƙi. Sai da wuƙa na yanke.

Tana goya yarinyar ta ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙafa a ƙasa take koyo, baki kuma a bakin wani. Rabin yini take wurina, sauran rabin da bango take zaune. Ba mai ganin cikin ɗakinki, ɗiyar nan. Ki sauka ƙasa."

Sau ɗaya na gwada. Na saki asabari, na zauna a ƙasa, na gangara mata dunƙulen zare. Ta dubi zaren, ta dube ni, ta daɗe tana dubana kamar baƙuwa. Sannan ta turo shi. Na tura. Ta turo. A na uku ta yi dariya, na ji ƙirjina ya ɗauki zafi kamar lokacin da nono ke kawowa. Sai na ji tarin wan mijina a tsakar gida. Na zabura na haye gado na cafki mazari. Wucewa kawai yake yi, ko kallon ɗakin bai yi ba. Yarinya ta ɗaga zaren tana miƙo mini, tana miƙo mini, har hannunta ya gaji. Ban sake ba.

Albasa ta ƙosa, aka cire. Lokacin yarinya tana miƙewa in ta kama abu, tana da 'yan kalmominta. Amma a lambu kawai, a cikin yara. Da babban namiji ya matso sai ta ƙame kamar gunki. Tsohuwa ta ce wa wan mijina ya zo ya gani, ya zo, yarinya ta yi masa zuru. Ya ce dama mai magani ya faɗa, 'yan ruwa sukan yi dabara in sun ji za a mayar da su, kuma shi ya riga ya yi magana a gaban jama'a. Da asubar tafiya, ana ɗora wa jakai kaya, ya sake tsayawa a ƙofata. Ya ce, "Ke ke kwana da ita. Kin ga wani sauyi?" Na sunkuyar da kai. Ni da na ji ta da kunnena.

Muka kama hanyar Jega, yarinya a bayana. Can na waiwaya, sai ga tsohuwa tana biye da sandarta. Wan mijina ya ce, "Tsohuwa, ina zuwa?"

"Kasuwa. Ko an hana bayi cin kasuwa?"

"Ba a ce ba. Amma ba ki iya tafiyarmu."

"Tahi, don Allah. Ni na goye ka, na san saurinka. Kai da sai da ka shekara biyu kana jan gindi."

Masu jakai suka yi dariya, shi kuwa ya ƙara sauri.

Rana ta ɗaga muka isa. Aka wuce da kaya kasuwa, mu kuma mai maganin ya tarye mu, dogo ne mai jakar fata, ya kai mu ƙasa da gari inda babu masu wanki. Rani ne, gulbi ya ja baya ya bar rairayi mai faɗi, amma a wannan kwanar ruwan baƙi ne, da gani ka san da zurfi. Ya ce uwa ce za ta aje ta. Na kwance goyo, na zaunar da ita a kan rairayi, na aje ƙwai da ƙwaryar fura a gabanta, na juya ban kalle ta ba. Muka ɓuya a bayan itatuwan geza. Ya ce kada wanda ya yi motsi, kada wanda ya yi magana, sai ya ba da izini.

Ta duba dama, ta duba hagu. Ba ta yi kuka ba. Sai ta ga ruwa. Tunda take ba ta taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Ta yi dariya, ta kifa hannu, ta fara rarrafe wajensa.

Mai magani ya ce a hankali, "Kun gani? Ta ga gida."

Wan mijina ya fara salati.

Ni na san ba gida ta gani ba. Wata uku ana koya mata cewa ruwa abin wasa ne, wasa za ta. Na sani sarai. Kira ɗaya zai tsayar da ita. Sunanta ya taso daga cikina ya zo maƙogwaro, sunan da ban taɓa furtawa ba. Na dubi gefe, na ga rigar surukina. Bakina ya rufe. Ku ji da kyau, kada ku gyara mini ita in na mutu. Ɗiyata tana rarrafe zuwa ruwa mai zurfi, ni kuwa ina tunanin abin da za a ce.

Sai na ji sanda ta faɗi. Tsohuwa ta fita da gudu irin na tsofaffi, tana tangaɗi. Ba ta nufi yarinyar ba. Gefe ta yi, ta zube a kan jiƙaƙƙen rairayi, ta yaƙushi 'yar magudana da yatsu daga bakin ruwa, ta danna ƙafarta a ciki, ta ɗaga murya kamar tana lambu.

"Wa ke da fangali? Ruwa ya zo! Wa ke da fangali?"

Hannun yarinya ɗaya ya riga ya shiga ruwa. Ta tsaya. Ta waiwaya. Ta dafa ƙasa, ta ɗaga gindi, ta miƙe, babu gora, babu abin kamawa. Tana layi kamar kara a iska. Ta ɗaga ƙafa, ta aje. Ta ɗaga ɗayar. Ta faɗi. Tsohuwa ta kafe ƙafa tana kallon sama, amma ina ganin haɓarta tana rawa. Yarinya ta sake miƙewa, ta taka, ta taka, ta faɗa kan ƙafar tsohuwa tana duka.

"Kaka, buɗe! Nawa! Buɗe!"

Ta ɗaga ƙafa, ruwa ya biyo magudana.

Mai magani ya fito yana faɗa, wai an ɓata aiki. Tsohuwa ta ce, "Aljanin da ke ce mini kaka, ni na ɗauka, ka huta." Ta jawo ƙwaryar furar ta sha, ta ba yarinya, ta soke ƙwan a bakin zanenta. "Mu ne 'yan ruwan, mun karɓa, mun gode."

Daga baya na ji tana gaya wa wan mijina cewa da ta cafke yarinyar, da an ce ita ta hana ta komawa, a sake kawo ta wata rana babu ita. Gara su gani da idonsu.

Wan mijina ya je ya tsuguna a gabansu, ya daɗe. Sannan ya ce, "Inna." Rabonsa da kiranta haka tun yana yaro. "Inna, tun yaushe take magana?"

"Tambayi uwarta."

Lokacin ne na fito daga bayan geza. Ni ce ta ƙarshe. Ya ce, "Kin san tana magana?"

Na ce, "Na sani."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kuma na tambaye ki."

Da za mu koma na durƙusa in goya ta, ta ƙanƙame wuyan tsohuwa. Aka ɗora su biyu a kan jakin da aka sauke wa kaya. Na bi su a baya da zanen goyo a hannu har Jiga Makera.

Mai maganin ban sake ganinsa ba, na ji an ce ya bar Jega ya yi yamma. Wan mijina ya gina wa tsohuwa ɗaki a cikin gida kafin damina ta sauka, kuma har ya rasu bai sake tayar mini da maganar ba, sai dai bai ƙara tambayata ra'ayi a kan komai ba. Mijina ya dawo ya ji labari a bakin wansa, ya ɗauki masakin ya fita da shi, ya mai da shi abin ba kaji ruwa. Ya bar dako, ya tsufa a lambu, a can ciwon ajali ya same shi. Uwata ba ta dawo daga kudu ba.

Tsohuwa ta ƙara damina biyar. Na roƙi gafararta a kan maganar gidan uba, ta ce ta manta, amma na san ba ta manta ba, yafewa ta yi. Ranar da ta rasu yaran unguwa duk suka taru a ƙofar gida, aka kore su suka dawo.

Ɗiyata ta girma, ƙafafunta da ɗan gwame har ƙarshen ranta, bakinta kuwa ya fi na kowa a gidan. Ta yi aure a Aliero, ita ce ta haifi iyayen wasunku. Takan cilla ɗanta na fari sama a tsakiyar mutane tana kiran sunansa, a ce ba ta da kunya, ta ce gadon kakarta ne, tsohuwar nan. Ta girmama ni, ba ta taɓa bari na rasa hatsi ko gabu ba. Amma in ta shigo gaishe ni, a bakin ƙofa take durƙusawa, kamar yadda ake yi wa baƙo mai daraja.

Ni kuwa ga ni. Kun sha ganina ina kumbura kumatu ina yi muku kwaɗo a tsakar gida, ana cewa tsufa ya taɓa ni. Ku bar su su faɗa. Ɗiyata ta riga ni tafiya, bara waccan. Sunanta sau ɗaya na faɗa, da ƙarfi, a gaban surukanta da kowa, ranar da aka fito da ita za a kai ta makwancinta. Kowa ya ji, ban da ita.